Gwadabe Ya Saki Gana Saboda Lambu

A shekarun da fatake ke kora jakai daga Haɗejiya zuwa Kukawa, an yi wani dattijo mai suna Gwadabe a wani ƙauye na bakin kogi, tsakanin Haɗejiya da Kirikasamma. Yana da gonar gero a tudu, da 'yan shanu a hannun makiyayi, da gida mai ɗaki uku. Amma in ka tambaye shi abin da ya mallaka, lambu kawai zai ambata. Lambun yana gefen wani reshen kogi da ba ya ƙafewa, da jigo guda a bakinsa. Shi da matarsa Gana suka share ƙayar wurin shekara talatin da suka wuce, yana sara tana ja. Duk sa'ad da ambaliya ta janye sai su shuka alkama da albasa. Shi ya ja jigo, ita ta bi ruwan da 'yar fartanya, ta buɗe wannan fangali ta toshe wancan.

Gana ba ta haihu ba. Iyayenta mutanen wajen Tafkin Cadi ne, sun zo da ita tana yarinya, sun rasu, ba ta da kowa a ƙasar nan sai shi. 'Ya'yan Gwadabe uku, namiji ɗaya mata biyu, na matarsa ta fari ne, wadda ta rasu suna ƙanana, Gana ta raine su har ta aurar. Namijin, Shu'ibu, ya zama falke, gidansa na cikin birni, rabin shekara yana kan hanya.

A shekarar da abin ya faru maƙwabcinsu Haruna ya rasu, aka kira Gwadabe cikin shaidun rabon gado. Ya zauna ya ga an fitar wa matar mamacin, Asabe, tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas. Gonar ba ta rabuwa takwas ta yi amfani, sai 'ya'ya suka riƙe ta, suka ba Asabe akuya biyu da buhun dawa a madadin rabonta. Da ta fita takaba ta ɗaura ƙunshinta ta tafi Guri wurin yayanta. Babu wanda ya zalunce ta. Abin da ya tsaya wa Gwadabe a rai ke nan. Da an zalunce ta, da ya san wanda zai ji wa haushi. Kowa ya yi daidai, amma matar da ta yi shekara ashirin tana tsince ciyawar gonar nan ta wuce ta gefenta da kaya a ka.

Asabe tana da yaya a Guri. Gana fa? Ya san Shu'ibu ba zai wulaƙanta ta ba. Zai kai ta birni, ya ba ta ɗaki da tabarma sabuwa, ya miƙa lambu ga wani, domin shi ba ya bambanta alkama da ciyawa. Gana kuwa in ka zaunar da ita a ɗaki ba ƙasa a hannunta, Gwadabe bai ga ta kai damina biyu ba.

Ranar kasuwa ya ɗaura wa jaki mangala ya shiga Haɗejiya sayen irin albasa. Da ya gama sai ya nemi zauren Malam Abdulwahid. Malamin nan ba alƙali ba ne, amma wurinsa ake fara zuwa kafin a je gaban alƙali: fataken da suka haɗa jari suna son a rubuta musu sharaɗi, matar da mijinta ya yi nisan zango ba labari, tsohon da ke son barin wasiyya. Gwadabe ya jira wasu masu kanwa biyu suka gama musunsu, sannan ya matsa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, takarda nake so. In na mutu, lambuna na matata ne."

Malam ya ajiye alƙalami. "Dattijo, ba a yi wa magaji wasiyya. Matarka magajiya ce, Allah ya riga ya yanka mata rabonta. In na rubuta, sai in 'ya'yanka sun yarda bayan ranka, in sun ƙi takardar ta zama banza."

"To wa ake yi wa?"

"Wanda ba ya cikin magada. Shi ma kada ta wuce sulusin dukiya, ɗaya cikin uku."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne. Ko maƙwabci, ko baƙo."

Gwadabe ya auna gonar tudu da shanu da gida a zuci. Lambun bai kai sulusi ba. Ya yi godiya, ya miƙe da sauri kamar wanda ya tsinci abu a hanya yana tsoron mai shi ya waiwayo. Malam ya ce, "Shi ke nan tambayar?" Ya ce shi ke nan.

Hanyar komawa rabin yini ce, kafin ya kai gida ya gama gina dabararsa. In Gana tana matarsa, tumuni ne nata. In ba matarsa ba ce, lambu duka zai iya zama nata, ba mai ja. Ya juya maganar ta kowane gefe bai ga ɓaraka ba. Har ya ji ya yaba wa kansa, ya ga ba kowane namiji zai iya rabuwa da matar da yake so domin amfaninta ba.

Bayan kwana uku suna zaune a inuwar tsamiya a gefen lambu, ta dama fura suna sha, ya zayyana mata komai tun daga Asabe har zauren Malam. Tana saurare tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya.

"Maigida, rana ce ta buge ka a hanya?"

"Lafiyata ƙalau. Ai dole sai da lafiyar ma ake yi."

"To ka sha furarka."

Ya san ta. In ya bari aka shiga musu za ta kayar da shi, kamar yadda ta saba tun suna da ƙarfinsu. Saboda haka bai bari an shiga ba. Ya kawar da kai wajen kogi ya ce, "Gana, na sake ki, saki ɗaya."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya shirya wa kuka ne, ya tanadi maganganun lallashi, duk suka zama ba su da wurin zama.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"To. In mutane sun tambaya, me na yi?"

Wannan bai shiga lissafinsa ba. Shari'a ba ta tambayar namiji dalili, amma ƙauye yana tambaya. Ya lalubi shekara talatin yana neman laifi guda da zai iya faɗa a bainar jama'a.

"Sai in ce... kina cika kanwa a miya."

"Shekara talatin kana lashe kwano."

"Kina minshari."

"Kai da kake firgita jakin maƙwabta? Nemi wani."

Bai samu ba. Ta wanke ƙwaryar a bakin ruwa, ta kife ta a ka, ta ce, "Sai ka taho, Gwadabe."

Tun ranar da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Jin sunan a bakinta ya fi masa zafi da a ce ta jefe shi da ludayin. Ya zauna a gindin tsamiyar har inuwa ta gushe daga kansa.

Macen da ta wuce al'ada, iddarta wata uku ce, a ɗakinta take yi, ci da sha na kan mijin. Kafin watannin su cika yana iya mayar da ita da kalma guda. In sun cika, ta zama bare, ba ta kuma kwana a gidan. Gwadabe ya san wannan, ya ma riga ya yi magana da wata tsohuwa a bayan masallaci da za ta ba Gana ɗaki. Abin da bai sani ba shi ne yadda wata ukun za su kasance.

Gana ta bi shari'a fiye da yadda shari'ar ta nema. Tana dafa tuwo, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, ta yi sallama kamar baƙuwa. In ya shigo tsakar gida sai ta ja mayafi. Lambu kuwa ta daina zuwa, ta ce mai idda ba ta yawo. Sai ga Gwadabe shi kaɗai: ya ja jigo ya juye guga, ya ruga ya buɗe fangali, kafin ya dawo ruwa ya tsaya, in ya daɗe a jigo kuma ruwa ya fasa ya kwanta kan albasa. Bunu, mai lambun da ke kusa, ya riƙa leƙowa ta kan shinge.

"Baba Gwadabe, an ce kanwa ce ta raba ku?"

"Ja guganka."

"Ni dai tawa ko gishiri ta manta ba na magana. Na ga abin da ya sami manya."

Da ya dawo gida da yamma, sai ta ce daga bakin murhu, "Sannu da aiki, Gwadabe. Yaya albasar mutane?" Ya ce tana nan. Ta ce, "Fangalin gabas yana son ruwa sau biyu, in mai shi bai sani ba." Ta san bai sani ba.

'Ya'yansa mata suka zo daga gidajen aurensu suka yi kuka, suka ce Baba ya tsufa. Ya yi musu bayani, babbar ta ce, "Baba, mu muka ce maka muna son lambu?" Ya ce yau ba su so, amma mutum ba ya sanin abin da zai so ranar rabo, ga mazajensu, ga 'ya'yansu. A nan yana da gaskiya, shi ya sa ba wanda ya iya tanƙwara shi. Duk wanda ya zo da tausayi, sai ya tarar Gwadabe ma da tausayin yake magana.

Wata na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Na uku ya yi kwana ashirin, albasa ta fara ƙwai. Wata safiya ya fito zai tafi lambu ya tarar da ita a zaure ta yi shirin tafiya, ta ɗaura wa jaki shimfiɗa.

"Kai ni wurin malamin nan naka."

"Ai mai idda ba ta yawo."

"Neman fatawa ba yawo ba ne. Da kunnenka aka sake ni, ina so in ji da nawa."

Ta hau jaki, ya kama igiya. A mashigin kogi masu fito suka ƙetare da su, ta riƙe gefen jirgi ba ta riƙe hannunsa ba. Suka shiga ƙofar gari rana ta take tsaka.

Malam Abdulwahid ya gane shi. Gana ta zauna daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya faru daki-daki, ba ta ƙara ba ta rage ba, har da kanwar. Malam ya rufe baki da hannun riga na ɗan lokaci, sannan ya dubi Gwadabe.

"Dattijo, ni na ce ka sake ta?"

"Allah gafarta Malam, cewa ka yi ko baƙo."

"Na ce. Na kuma tambaye ka ko shi ke nan tambayar."

"To dabarar ba ta yi ba?"

"Ta yi," in ji Malam. "Ba zan ɓoye maka ba. Kana da lafiya ka yi sakin. In idda ta cika ka kawo shaidu na rubuta, lambu zai zama nata bayan ranka." Ya juya. "Iya, ke me kika zo tambaya?"

Gana ta gyara mayafi. "Malam, in ya mutu ina ɗakin tsohuwar bayan masallaci, wa zai yi masa takaba?"

"Babu."

"In ciwo ya kama shi, zan iya kwana a ɗakinsa in juya shi?"

"Ba muharraminki ba ne."

"In ana masa wanka fa?"

"Kina waje tare da masu gaisuwa."

"To ka ji," ta ce, ba Malam take kallo ba. "Ka ba ni albasa ka karɓe wannan. Wa ya gaya maka haka nake son cinikin?"

Gwadabe ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Asabe nake gani da kaya a ka. Ba na iya barci."

Can Malam ya ce, "Akwai abin da za ka ji ran nan da ka ƙara zama kaɗan. Wasiyya ce ba a yi wa magaji. Kyauta ana yi. Mutum mai lafiya da hankalinsa yana iya ba matarsa abin da ya ga dama cikin dukiyarsa, tana matarsa. In ya mutu ba ya shiga gado, domin ba nasa ba ne tun tuni. Tumuninta kuma yana nan a sauran."

Gwadabe ya ɗago kai. "Ba saki?"

"Ba saki. Amma da sharaɗi. Kyauta ba ta tabbata sai an karɓa. Ka faɗa gaban shaidu da bulaman ƙauyenku, ka fita, ta shiga. Ita za ta ce a shuka wannan a bar wancan, ita za ta sa mai ja mata ruwa, ita za ta sayar. Ka cire hannunka, mutane su gani da idonsu, aƙalla shekara guda cur. In ka ba ta da baki ka ci gaba da noma abinka har ka mutu, alƙali zai ce ba a yi kyauta ba, a mayar cikin gado. Ka kuma aika wa ɗanka ya ji daga bakinka."

"Ko jigo ba zan ja ba?"

"Ko jigo."

"Shekara guda?"

"In Allah ya ba ka ita."

Gwadabe ya buɗe baki zai ce wannan ai ba mai yiwuwa ba ne, sai maganar ta maƙale. Ya ji yadda ƙirjinsa ya ƙi abin nan take, ƙi mai ƙarfi, irin wanda bai ji ba ranar da ya kawar da kai ya furta saki a gindin tsamiya. Wannan ya ba shi tsoro. Wata uku yana ganin kansa mutumin da ya sadaukar da abin da ya fi so. Yanzu ya duba dabarar tasa da kyau ya ga yadda aka gina ta: lambu yana hannunsa har ranar da za a ɗauke shi, sai bayan ba ya iya riƙe komai sannan zai saki. Wadda za ta bar ɗakinta tun yau, ta kwana a gidan wata, ita ce Gana. Bai yi da mugun nufi ba, ya san haka. Amma bai ga rashin mugun nufin ya rage wa abin nauyi ba.

Gana ta ga fuskarsa. Ta ce a hankali, "Ni ban roƙe ka lambu ba. Ka riƙe abinka. Kwana tara suka rage idda ta cika, shi na zo ji."

Ya share fuska da tafin hannu. "Allah gafarta Malam, kira min mutum biyu."

Malam ya leƙa waje ya kira wani maɗinki da wani mai sayar da igiya. Gwadabe ya gyara zama ya ce a gabansu ya mayar da matarsa Gana ɗakinta. Mai igiya ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya tambaya ko amarya za ta yi musu tuwo. Gana ta ce in ya zo ƙauye zai ci, da kanwa.

"Kyautar kuma," in ji Gwadabe, "a gida za a yi, gaban bulama. Bari in cire albasar bana tukuna."

"Ka cire," Malam ya ce. "Amma kada ka ce bari in shuka ta baɗi tukuna."

Shu'ibu ya dawo daga tafiya kafin a gama cirar albasa. Da aka gaya masa, ya yi dariya har ya riƙe ciki kan zancen sakin, kan lambun kuma ya ce shi da ma bai san inda iyakarsa take ba, Iya ta riƙe. Ya zo ya tsaya cikin shaidu.

Ranar da aka sa, da hantsi, bulama da liman da Bunu da Shu'ibu suka taru a bakin shinge. Gwadabe ya zaga da su iyaka, daga tsamiya zuwa bakin ruwa, ya faɗi abin da zai faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Sannan ya fita ta ƙofar shinge. Gana ta shiga, ta tsaya a tsakiya ta duba gabas ta duba yamma, ta ce wa Bunu ƙaninsa zai riƙa ja mata ruwa, kuma gefen da ake zuba alkama, rabinsa bana kuɓewa da yakuwa za ta sa.

"Kuɓewa?" in ji Gwadabe daga waje. "A wannan ƙasar? Ai..."

Bulama ya yi gyaran murya. Gwadabe ya haɗiye sauran.

Ya koma gida shi kaɗai. Bai taɓa ganin tsakar gidansa a wannan lokaci na rana ba. Kaji suka dube shi. Ya zauna a zaure, ya tashi, ya gyara igiyar akuya da ba ta lalace ba, ya sake zama. Daga nan yana jin kukan jigo can nesa, ya kuma ji ƙanin Bunu yana saurin juye guga, ba ya bari ya cika. Ya toshe kunne da rawani.

Da rana ta kusa tsaka ya tuna yadda mutum ke dawowa daga lambu. Ya ɗauki tulu ya tafi rijiya, matan da ke wurin suka dare suna ƙunshe dariya, ya ja ruwa ya kawo. Ya zuba a ƙwarya babba ya ajiye a inuwa kusa da ƙofar ɗakinta, da ɗan dutsen goge ƙafa a gefe.

Ta shigo da taɓo har ƙauri, fartanya a kafaɗa. Ta ga ƙwaryar, ta gan shi zaune yana kallon wani wuri. Ta zauna a kan turmi ta tsoma ƙafa ɗaya.

"Maigida, wa ya kawo ruwan nan?"

"Wani mara aikin yi."

"A gaya masa gobe ya ɗan ajiye shi a rana. Ya yi sanyi."

Ya ce za a gaya masa. Ta tsoma ɗaya ƙafar.